NAWAYAR ƊAN'UWA DA IYAKAR MAI ƊAUKA

Karatu: Galatiyawa 6:1-5, Littafin Lissafi 11:10-17, Luka 10:30-35.

Wata rana da la'asar, bayan an tashi daga taron Zumuntar Mata, wata uwa ta ekklesiyarmu ta zo gidanmu. Da muka gaisa sai ta yi shiru, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Baba Fasto, laifi na zo in faɗa. Na koya wa 'ya'yana ƙarya."

Ga yadda abin ya faru, kuma da yardar su biyun muke ba da labarin. Tana da aminiya tun suna 'yan mata. Mahara suka auka wa ƙauyen aminiyar da dare, suka kashe mijinta a kan idonta, ita kuwa ta gudo gari da yara uku. Uwar nan ta karɓe ta da hannu biyu. Ta ba ta hatsi, ta ba ta zane, ta zauna ta yi kuka tare da ita. Amma aka yi fiye da shekara gwauruwar tana zuwa kusan kowace rana, kullum kuwa sai ta sake ba da labarin daren nan dalla dalla, har da abin da kunne ba ya so ya ji. Wani lokaci ta buga waya da tsakar dare. Sannu a hankali barci ya ƙaurace wa mai sauraron. Ta fara mafarkin abin da ba ta gani da idonta ba. Tuwo ya riƙa ƙonewa a murhu, maigida ya fara gunaguni. In ta ji sallamar aminiyarta sai gabanta ya faɗi. Daga baya ta riƙa shigewa ɗaka, ta ce wa yara su ce ba ta nan.

Ta ce, "Ina ƙaunarta, Allah ya sani. Amma na gaji. Ko ƙaunar Kristi ce babu a zuciyata?"

Tambayar darasinmu ke nan. Ko mai bi yana da izini ya ce wa mai baƙin ciki, "Mu tsaya nan yau"? Tambayar ta shafe mu duka. Tun daga rikicin Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, da tashin hankalin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya bazu, da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, gidajen Kirista da na Musulmi da yawa sun sha makoki. Da wuya a sami ekklesiyar da babu mai raunin zuciya a cikinta. Kusa da kowane mai rauni kuwa akwai wani aboki da ya daɗe yana saurare.

1. SAURARO WAJIBI NE

Kada kowa ya ɗauki wannan darasi ya mai da shi hujjar taurin zuciya. Manzo Bulus ya umarce mu a Romawa 12:15 mu yi tarayya da masu kuka cikin kukansu. Abokan Ayuba uku, watau Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyau cikin dukan abin da suka yi masa. Sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa suka ƙara masa ciwo.

Wanda ya ga masifa yakan maimaita labarinta, gama zuciyarsa tana neman inda za ta ajiye abin. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda bai taɓa zama ya saurari mai makoki ba, darasin nan ba nasa ba ne tukuna. Ya fara koyon zama. Muna magana ne da waɗanda suka zauna har ƙarfinsu ya ƙare.

2. MAI SAURARO MA NAMA DA JINI NE

Bari mu duba Musa a Littafin Lissafi sura 11. Jama'a suna kuka, kowane iyali a ƙofar alfarwarsa. Musa ya kai ƙara wurin Ubangiji cewa shi kaɗai ba zai iya ɗaukar mutanen nan ba, sun fi ƙarfinsa. Har ya roƙi mutuwa. Mu lura da amsar da ya samu. Allah bai tsauta masa ba, bai kuwa ce ya ƙara haƙuri ya yi shiru ba. Ya ce a tara dattawa 70 domin su ɗauki kayan tare da shi. Tun kafin wannan ma, surukinsa Yetro ya gan shi yana zaune tun safe har yamma yana jin ƙararrakin mutane, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'ar kuma (Fitowa 18). In Musa bawan Allah yana da iyaka, ina ga uwa mai yara da girki da kasuwa?

Likitoci ma sun tabbatar da wannan. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon firgita bayan masifa cikin littafinta na cututtuka. Alamunsa su ne mugayen mafarkai, da ganin abin kamar yana sake faruwa, da gudun duk abin da ke tuna da shi, da razana a kan ƙaramin motsi. A 1995 wani masani mai suna Charles Figley ya fitar da littafi a kan abin da aka kira gajiyar tausayi. Ya nuna cewa masu kula da waɗanda suka ga masifa su ma sukan kamu da irin waɗannan alamu, ko da ba su ga abin da idonsu ba. Ashe mafarkin uwar nan yana da suna, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Akwai abu na biyu. A 2002 wata malama a Jami'ar Misuri, Amanda Rose, ta bincika yara da matasa masu yawan juya damuwa ɗaya tare da abokansu, suna ta maimaita ta kamar saniya mai tuƙa. Ta ga cewa wannan yana tafiya tare da shaƙuwa mai ƙarfi tsakanin abokan, amma yana tafiya tare da ƙarin damuwa da baƙin ciki kuma. Watau abu yana iya ƙara danƙon abota, ya bar mikin a buɗe. Idan an ba da labari ɗaya shekara guda, mai faɗa bai sami sauƙi ba, mai ji kuwa yana ramewa, ya kamata su biyun su tsaya su duba hanyar.

3. NAWAYA IRI BIYU

A Galatiyawa 6 akwai ayoyi biyu da sukan rikita mai karatu. Aya 2 ta ce mu taimaki juna da ɗaukar nawaya. Aya 5 kuwa ta ce kowa yana da kayan da zai ɗauka da kansa. Ko Bulus ya saɓa wa kansa ne? A'a. A harshen Helenanci kalmomi biyu ne dabam. Ta aya 2 ita ce "baros", watau nauyi mai danne mutum. Ta aya 5 ita ce "fortion", watau kayan da aka ɗora wa mutum ya kai, irin kalmar da aka mora domin kayan jirgin ruwa a Ayyukan Manzanni 27:10.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'anda za a ɗora jinka bisa ɗaki, maƙwabta duka sukan fito su kama. Amma ba wanda ke kiran unguwa domin ta ɗaukar masa tulun ruwa kowace safiya. Rasuwar miji, da gudun hijira, da yunwar yara, jinka ce. Ekklesiya duka ita ce za ta kama. Kuskurenmu shi ne mukan bar wa mutum ɗaya mai taushin zuciya jinkar, mu tsaya daga nesa muna yabon kirkinsa. Shanyayyen da aka kawo wurin Yesu a Kafarnahum, mutum huɗu ne suka ɗauko shi (Markus 2:3).

Akwai kuma kayan da aboki ba shi da ikon ɗaukar wa abokinsa. Ba za ka iya yin addu'a a madadinsa har abada ba. Ba za ka iya shan magani dominsa ba, ko ka gafarta a maimakonsa. Ba za ka iya warkar da shi ba, gama kai ba Mai Ceto ba ne. Wanda ya sa kansa a matsayin nan, ko da ƙauna ce ta kai shi, ya hau kujerar da ba tasa ba.

4. MISALIN BASAMARIYE DA NA UBANGIJI

Kowa ya san Basamariyen nan na Luka 10, amma ba kowa ke karanta ƙarshen labarin da lura ba. Ya tsaya, ya zuba mai da ruwan inabi, ya ɗaure raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya yi jinyarsa. Kashegari fa? Ya fitar da dinari biyu, watau ladan ƙodago na kwana biyu, ya ba mai masaukin, ya danƙa masa majinyacin, ya yi alkawarin dawowa, ya ci gaba da tafiyarsa. Ya yi abin da yake iyawa, ya sa wani cikin aikin, ya faɗi a fili cewa zai komo. Shi ne kuwa Ubangiji ya sa a gabanmu ya zama gurbin ƙaunar maƙwabci.

Yesu kansa, a Markus 1:35-38, ya tashi da asuba ya tafi wurin da ba kowa domin addu'a. Siman da abokansa suka bi sawunsa suka shaida masa kowa na nemansa. Bai koma ba, ya ce su tafi waɗansu garuruwa. A Markus 6:31, da ya ga almajiransa ba su da ko zarafin cin abinci saboda masu kai da kawowa, ya kira su waje ɗaya su huta. Ba a taɓa yin mai tausayi kamarsa ba, duk da haka yana da lokacin janyewa.

5. LAIFIN YANA CIKIN ƁUYA

Yanzu mu koma ga uwar nan. Gajiyarta ba zunubi ba ce. Inda ta yi kuskure shi ne ɓuya da ƙarya. Mu mutane ne masu kara da kunya, abu ne mai kyau kuwa. Amma kara takan sa mu yi murmushi a fuska muna ƙuna a ciki, har ranar da za mu fara kauce hanya in mun hango mutum, ko mu kashe waya, ko mu kai ƙararsa wurin wasu a bayan idonsa. Mai rauni yana gane wannan sarai. Wanda ya riga ya rasa miji da gida, in ya ga aminiyarsa ma tana gudunsa ba tare da bayani ba, sai ya ce a ransa, "Na zama abin ƙyama." Ciwo na biyu ke nan, kuma mu ne muka ji masa.

Manoma biyu masu maƙwabtaka sukan dasa gamba ko aguwa a kan iyakar gonakinsu. Ba gaba ce ta sa su dasa ba. Domin iyakar tana bayyane, shi ya sa suke shan fura tare a gindin itace ɗaya shekara da shekaru. Gonar da ba a san iyakarta ba ita ce takan kai 'yan'uwa gaban alkali. Afisawa 4:15 ta koya mana mu haɗa gaskiya da ƙauna. Misalai 25:17 kuma ta gargaɗi mai yawan zuwa gidan maƙwabcinsa cewa za a gaji da shi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba, mu ma kada mu ɓoye.

6. YADDA ZA A SA IYAKA

Na fari, ka fara da addu'a, ka bincika zuciyarka. Gajiya ce ta gaskiya, ko kuwa ƙyuya ce da son jiki?

Na biyu, ka zaɓi lokacin da hankali yake kwance. Kada ka yi maganar a tsakiyar kuka, kada kuma a gaban mutane.

Na uku, ka fara da tabbatar da ƙauna, sa'an nan ka faɗi naka rauni, kada ka ɗora laifi. Ga irin abin da muka shawarci uwar nan ta faɗa: "'Yar'uwata, ke tawa ce, ba kuwa zan rabu da ke ba. Amma in na ji labarin daren nan dalla dalla, ba na iya barci. Ki gafarce ni, na ɓuya miki maimakon in gaya miki gaskiya."

Na huɗu, ka faɗi abin da kake iyawa a fili, ka kuwa cika shi. "Kowace Talata da Jumma'a bayan la'asar ni zan zo wurinki. Da dare kuwa, sai in abin gaggawa ne." Zumunta a ƙafa take. Ziyara biyu tabbatattu sun fi ƙofa da ake cewa a buɗe take kullum amma mai gidan yana ɓoye a ɗaka.

Na biyar, ka kawo waɗansu hannuwa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da abokan aikinta ta fitar da jagora domin masu taimakon mutane bayan masifa. Ta tattara aikin cikin abu uku: ka duba, ka saurara, ka sada mutum da taimako. Ta kuma hana a matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. Na ukun nan, watau sadawa, shi muka fi mantawa. Da izinin mai raunin, a nemi fasto, ko dattijuwa mai riƙon asiri, ko ƙungiyar gwauraye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: sa wani cikin aikin ba izini ba ne na baza asirin mutum.

Na shida, ku mai da sauran abota wurinta. Ku je kasuwa tare, ku yi surfe tare, ku tuna da wasannin ƙuruciya. Mutum ya fi masifar da ta same shi girma. Abokin da ke tuna masa da haka ya yi masa babban alheri.

Mai yiwuwa ne ya ji zafi da fari. Gwauruwar nan ta yi fushi, ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwa da sakin fuska. Amma ran Talata aminiyarta ta je, ran Jumma'a ma ta je. Yau mata uku ne suke kewaya ta, ta kuma ga likita. Ba mu ce ta warke sarai ba, gama har yanzu akwai daren da ba ta barci. Amma abotar ta tsira, yaran kuma sun daina ƙarya a ƙofar gida.

7. INDA BA A JIRAN RANAR ZIYARA

A nan sai mu yi hankali ƙwarai. Idan mutum ya ce ya gaji da rai, ko yana maganar kashe kansa, ko ya fara rarraba kayansa kamar mai ban kwana, ko akwai mai dukansa ko mai yi masa barazana a yanzu, to, ba a cewa sai Talata. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga kusa da shi. A tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta sa wa mutum tunanin a zuciya. A gaya wa wani babba nan da nan, ko da an yi alkawarin riƙe asiri, domin rai ya fi asiri.

Haka kuma, idan mafarkai da razana da rashin barci sun wuce wata guda suna hana mutum aikinsa, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan aiki. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuwa ƙarancin bangaskiya ba ne. Wanda ya karye a ƙafa mukan yi masa addu'a, mu kuma kai shi wurin ɗori.

8. KALMA GA MAI RAUNIN

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa mai ɗauke da abin da baki ba ya iya faɗa duka, kada wannan darasi ya sa ka rufe bakinka. Ka faɗa. Amma ka dubi Ubangijinka a Getsamani (Markus 14:32-36). Bai buɗe baƙin cikinsa ga taro ba. Cikin almajiransa ya zaɓi uku, Bitrus da Yakubu da Yohanna, ya gaya musu nauyin ransa. Sa'an nan ya matsa gaba kaɗan, ya zuba mafi zurfin abin a gaban Uba. Abokan nan uku ma barci ya ɗauke su, gama su mutane ne.

Saboda haka ka riƙa tambayar abokinka, "Kana da ƙarfin ji yau?" Ka tambaye shi lafiyar nasa gidan, gama shi ma yana da inda ɗakinsa ke yoyo. In ya ce maka ya gaji, kada ka ce ya ƙi ka. Mai gaya maka gaskiya yana neman hanyar da zai daɗe tare da kai ne. Kuma akwai kunne ɗaya da ba ya gajiya. Hannatu ta zuba zuciyarta a gaban Ubangiji a Shilo. Zabura 88 kuka ce tun daga farko har ƙarshe, Allah kuwa ya yarda ta zauna cikin Littafinsa. Ba abin da za ka gaya masa da zai hana shi sauraronka gobe.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mece ce amsar Allah ga Musa sa'anda ya ce kayan sun fi ƙarfinsa?
2. Mene ne bambancin nawayar Galatiyawa 6:2 da kayan 6:5? Ku kawo misali daga unguwarku.
3. Waɗanne abubuwa uku Basamariye ya yi kashegari?
4. A cikin ekklesiyarku, wa aka bar wa jinka shi kaɗai? Su wa za su kama masa a wannan mako?
5. Akwai wanda kake ɓuya masa? Yaushe za ka je ka gaya masa gaskiya cikin ƙauna?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ka san ƙirarmu, ka san mu ƙura ne. Ka ba mu kunnen ji da zuciyar tausayi. Ka gafarta mana inda muka ɓuya wa masu baƙin ciki. Ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya da taushin harshe, ka kuma tashe mu duka mu kama nawayar gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira. Ka warkar da masu raunin zuciya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.